Wata huɗu da 'yar rakani-kashi a aljihuna

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 da rana, dare ma ya ƙi sanyi, kowa a gidanmu tsakar gida yake shimfiɗa. Yara su yi barci, uwargida ta yi barci, ni kuwa ina rigingine da waya bisa fuska har ƙarfe biyu. Zauren WhatsApp na 'yan unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwa, na dangin uwa, na dangin uba. Na ƙirga sau ɗaya na samu 23. In na gama da WhatsApp sai in faɗa Facebook, daga can TikTok, in sake dawowa ko an turo wani sabo.

Abin da ya fi cin raina shi ne bidiyon hare-hare. Muna da dangi wajen Goronyo da Sabon Birni, don haka duk abin da aka turo daga gabashin jiha sai na buɗe, gabana na faɗuwa, ina duba fuskoki ko zan ga wanda na sani. Bidiyo guda sai ya iso mini ta zaure biyar. Wani ma tsoho ne, wani ba a ƙasar nan aka ɗauke shi ba, amma an rubuta masa "yanzu-yanzu". Tun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, to amma zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, ka ga biyar ɗin ma ta ishi gari. Na wayi gari ina yi wa yara tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, Asuba na kuɓuce mini a jam'i, a shago kuma ina ba da canji ba daidai ba.

Uwargida ce ta yanke magana. Wani dare ta ɗaga kai ta ce, "Malam, wagga kishiya taka ba ta barci? Ka ba ta kwananta, ka ba ni nawa." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Washegari na shiga babbar kasuwa na sayi ƙaramar waya mai madannai, wadda yara ke kira rakani-kashi. Kuɗinta bai kai abin da nake zubawa a data cikin wata biyu ba. Layi biyu take ɗauka, tana da tocila, rediyon FM, da gurbin memori. Na cire layina na kira na sa a ciki, na jefa babbar a durowa.

Makon farko bai yi daɗi ba, kada wani ya yaudare ka. Hannuna sai ya tafi aljihu da kansa, in zaro ta, in ga agogo kawai, in mayar. Ji nake kamar ana wani taro a gari an manta ba a gayyace ni ba. Wajen kwana na goma ne na lura ina yin barci kafin sha ɗaya, kuma ladanin masallacinmu ke tashe ni.

Batirin ya cancanci yabo. Caji ɗaya na kai ni kwana huɗu, wani lokaci biyar, ga wanda ya saba yawo da caja kamar carbi wannan ba ƙaramin hutu ba ne. Tocilar na da haske sosai. Ta faɗi kan siminti sau biyu, na haɗa murfi da batir, ta tashi.

Amma abin da ban yi tsammani ba shi ne rediyon. Na koma sauraron Rima Radio da safe, da dare kuma in kunna tsohuwar rediyon mahaifina in kama BBC, tunda wayar FM kaɗai take kamawa. Labaran hare-haren nan dai su ne, babu wanda aka ɓoye mini. Bambancin shi ne mai karanta labarai yana farawa, yana gamawa, ya yi sallama. Ka ji abin da ya faru, ka yi wa mamata addu'a, ka kira ɗan uwanka na ƙauye ka ji muryarsa, shi ke nan. Babu gawar da aka nuna maka, babu mutum ɗari da ke zagin juna a ƙasan labarin. Babbar waya rijiya ce marar gindi, duk yadda ka zura guga akwai saura.

To, ga inda ta ba ni ciwon kai. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 rabin cinikina taransifa ne. Mai saye zai ce ya tura, ya ce in duba rasit a WhatsApp, ni kuwa ina jiran alat da ba ya zuwa kan lokaci. Tura kuɗi ta lambobin USSD yana yi, sai dai in ka yi jinkiri kaɗan a katse ka, ka sake daga farko, mutane na tsaye. Rubuta saƙo kuwa azaba ne, sai ka danna 7 sau huɗu kafin harafin s ya fito. Sautinta ma ya yi yawa, duk wanda ke kusa yana jin abin da mai kira ke faɗi.

Wanda ya fi yi mini zafi: mahaifin wani abokina na makaranta ya rasu da hantsi, aka sanar a zaure kawai, aka yi jana'iza bayan Azahar. Ban ji ba sai da dare. Na je gaisuwa ina jin nauyi. Daga ranar na sauya tsari. Babbar waya tana kwana a shago, ina buɗe ta daga safe zuwa La'asar don ciniki, ƙaramar ce ke bi na gida. Na fita daga zaure 15, na roƙi dangi da abokai in rasuwa ce a kira ni.

Faɗuwar gaban ta ragu ƙwarai, ba ta tafi duka ba, domin dangina suna nan inda suke. Wayar nan ba magani ba ce. Wanda ya kwashe makonni ba barci, ba cin abinci, zuciya na bugawa, likita yake buƙata, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana nan Kware, kusa da mu. Mu ne muka mayar da sunan garin abin tsokana, har mai damuwa ke jin kunyar zuwa.

Ga ɗan kasuwa, ba zan ce ta zama wayarsa tilo ba. A matsayin wayar dare kuwa, na ci kuɗina. Sai dai makon jiya Inna ta gan ta, ta juya ta a hannu, ta kunna tocilar ta kashe, ta ce, "Wagga ita ce waya." Ta ƙulle ta a bakin zanenta, ni kuma ban isa in ce a ba ni ba. Ranar Asabar zan koma kasuwa.