Hagu ko dama a jirgin Abuja zuwa Kaduna?

Hajiya, kin ce za ki raka Mama Kaduna a jirgin ƙasa, ga shi tun da aka yi mata aikin ido ba ta jure hasken rana, kina son sanin wane ɓangare ne inuwa. Allah ya ƙara mata lafiya.

Layin dogon nan mai kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa, kudu da arewa ya miƙe, in ban da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe. Saboda haka taga ɗaya gabas take kallo, ɗayar yamma, kusan duk tsawon tafiyar.

In kun tashi daga Idu ko Kubwa da safe, gabas tana hannun damanku. Wanda ya zauna a tagar dama zai sha hantsi a fuska har ya wuce Jere, na hagu kuwa yana cikin inuwa abinsa. Jirgin la'asar akasin haka ne: rana ta koma hagu, sai ki nemi dama. A dawowa daga Rigasa komai ya juye, da safe dama ce inuwa, da yamma hagu.

Amma ba ɗaya suke ba. Ranar safe ana iya haƙuri da ita, kafin ta yi zafi ta ɗaga sama. Ta la'asar ce muguwa, don ƙasa-ƙasa take yi, tana shigowa ta gilashi kai tsaye cikin ido, sanyin na'ura kuma ba ya maganin wannan. Ni dai da Mamata ce, jirgin safe zan zaɓa, tagar hagu. Da tsakar rana kuwa kada ki wahalar da kanki, tana bisa rufi, musamman a Afrilu da Agusta da take bi ta tsakiyar kai a wannan yanki.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne hagun wa? Hagun jirgin ake nufi, wato kina fuskantar inda za shi, ba inda kujerarki ta juya ba. Mafi sauƙi, ki tambayi kanki ina gabas, kamar mai shirin salla. Da safe ki guji gabas, da la'asar ki koma wajenta.

In tikitin ya faɗo a ɓangaren rana, ki zauna ta taga ki ba Mama kujerar ciki, ko ki roƙi wani saurayi ku yi musaya. Da wuya a hana tsohuwa. Baƙin tabaronta dai ya kasance a jakar hannu, kada ya shige akwati.