Cibiyar koyar da mata ta furoje a unguwarmu, Garwa: abin da na gani cikin shekara biyu

Salamu alaikum 'yan uwana mata. Wata ƙawata daga Marwa ta tambaye ni wai ko ta kai ƙanwarta irin cibiyar nan da ƙungiyoyin waje ke buɗewa, wadda mu a nan muke ce wa furoje, na ce bari in rubuta kowa ta gani tunda ni na zauna a ciki.

Abu uku suka zo mana da shi: ɗinki, karatun manya, sai asusu. Ɗinkin dai gaskiya ban gamsu ba. Malamar tana da haƙuri, Allah ya saka mata, amma kowa da kowa ɗinki, unguwa ɗaya, to wa zai ɗinka wa wa? In ba lokacin sallah ba ko zanen 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da ake rububinsa a Kamaru, sai ki wuni keken yana kallonki. Kuma ba wanda ya tambaye mu me muke so, akwai masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da injin niƙa kawai suke nema, takardun rajista kuma duk da Faransanci sai an nemo ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya cike miki, matan ƙauye ma sai bayan an gama suka ji labari.

Asusun nan kuwa wallahi shi ne ya kama ni. Mu 25 ne, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana gidan ta huɗu, ba a buɗe shi sai kowa na zaune. Duk sati ki zuba daga kashi ɗaya zuwa biyar, mu sefa 500 muka tsayar, a buga miki tambari a karne, wato ɗan littafinki na ajiya, in kina son bashi a ba ki har ninki uku na abin da kika tara, shekara ta zagayo a raba. Maganar kuɗin ruwa ta so ta raba kanmu, sai da muka je wajen malam muka daidaita a kan sadakar da mutum ya ga dama. Daga baya na ji ashe a Maraɗi ta Nijar aka fara wannan dubarar a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, da sunan Mata Masu Dubara, adashen iyayenmu ne aka gyara masa zama.

Da bashin farko na yi wa 'yata takardar haihuwa, wadda in babu ita yaro ba ya zana jarrabawar CEP ta gama firamare, kun san yara nawa wannan ya mayar gida a arewacin Kamaru. Rannan maigida ya ce min, "Maman yara, ya kike gani game da makarantar yarinyar nan?" Shekara goma sha da aure ban taɓa jin wannan tambayar ba. Su masu furoje suna ta faɗin daidaito tsakanin maza da mata a taron da ba namiji ko ɗaya, kuma nan ma kuskure ne, don wadda mijinta bai yarda ba ko ƙofar gida ba ta takawa.

Da Amurka ta dakatar da tallafin waje a Janairun 2025, har aka rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi, an ji a jika sosai a yankinmu. Mu ma a wannan shekarar motar furoje ta daina zuwa, ajin karatu ya tsaya muna tsakiyar koyon lissafi, wannan har yau yana min ciwo. Akwatin kuwa bai fasa sati ko ɗaya ba don kuɗin cikinsa namu ne.

Ƙawata ki kai ta, amma ki fara tambaya ko akwai asusu. Mu Laraba muke zama bayan la'asar, mai son gani ta zo da ɗari biyar ɗinta.