AR-15 mai ja da hannu a Birtaniya: abin da masu ita ke faɗa kafin ka zuba kuɗinka

Wanda ya shiga shagon sayar da bindigogi a Ingila ya hangi doguwar bindigar nan AR-15 a rataye zai ɗauka irin ta Amurka ce, wadda ke ɗana kanta bayan kowane harbi. Ƙirar ɗaya ce, gidan harsashin ɗaya ne, ƙotar ma haka. Amma wannan ba ta ɗana kanta. Ka harba, sai ka sa hannu ka ja sakata baya, kwanson harsashin da aka harba ya fita, ka saki, sifirin ya tura sabon harsashi ciki. Kowane harbi da jansa.

Doka ce ta haifi wannan bindiga. A watan Agustan 1987 wani mutum ya kashe mutane 16 a garin Hungerford, majalisa kuma ta yi gyaran dokar makamai a 1988, ta haramta wa farar hula bindigogin raifil masu ɗana kansu, in ban da masu cin ƙaramin harsashin nan na .22 da ake kira rimfire. Masu sha'awar ƙirar da Eugene Stoner ya fitar a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950 ba su haƙura ba. Maƙera suka riƙa harhaɗa ta da sassan AR, amma ba tare da hanyar da iskar albarushi ke bi ta tura sakata ba. Bututun ba shi da hudar iska tun daga masana'anta. An ma taɓa yin wasu masu ɗan wayo, waɗanda iska ke buɗe sakata ta tsaya a baya sai mai harbi ya danna wani abu ta rufe, to su ma dokar 2019 ta share su, gwamnati ta karɓe su ta biya diyya. Abin da ya rage a kasuwa shi ne mai ja da hannu zalla.

Akwai abu guda da ba a ciniki a kansa. Bindigar da aka fara ƙerawa a matsayin mai ɗana kanta, ko an toshe ta an mayar da ita mai ja da hannu, a idon dokar Birtaniya haramtacciya ce har abada. Dole ta zama an haife ta a haka. Shi ya sa duk wanda zai sayi ta hannu, tambayarsa ta farko ita ce wane ne ya ƙera ta, sannan ya nemi hatimin gwaji a jikin ƙarfen, na gidan gwajin Landan ko na Birmingham ko na wata ƙasa da aka amince da hatiminta. Lasisi kuwa daga 'yan sanda yake fitowa, na shekara biyar, kuma sai ka nuna dalili: ko kai ɗan kulob ɗin harbi ne da ya gama watannin gwaji, ko kana da izinin gonar da za ka yi farauta. Kowace bindiga da gurbinta a takardar. Bututu da sakata da gangar jiki duk doka na lissafa su, saboda haka wanda ke tunanin zai sayi jiki ɗaya ya riƙa sauya masa sama yadda ake yi a Amurka, ya sani sai ya koma wurin 'yan sanda an ƙara masa gurbi.

Abin da masu wannan bindiga suka fi jayayya a kai shi ne mariƙin ja, kuma nan ya kamata mai saye ya daɗe. Iri uku ne. Na farko shi ne na asali, wanda ke can baya a saman ƙota, ana kama shi da yatsu biyu. A bindigar soja sau ɗaya ake taɓa shi, sauran aikin iska ce ke yi. A nan kuwa kowane harbi sai ka ɗaga kumatunka daga ƙota, don mariƙin zai zo daidai hancinka, ka ja, ka sake kwantar da kai, ka sake neman abin da kake saiti. Masu irin wannan sun fi kowa sayarwa da wuri, ko su kai wa maƙeri ya sa musu na gefe. Ta fi araha, kuma ta fi kama da ta asali a ido, amma iyakar amfaninta ke nan.

Na biyu mariƙin hagu ne. Ga mai harbi da dama, hannun dama yana nan riƙe da bindiga kusa da kunama, hagu ke yin ja. In kana kwance ka kafa bindigar a kan ƙafafunta biyu, ko a kan tebur da jakar yashi, wannan ya fi sauri, kuma idonka ba ya barin madubin saiti. Matsalar tana zuwa ne in ka miƙe tsaye ko ka durƙusa. Hannun hagu shi ke ɗauke da nauyin gaba, da ka sake shi bakin bindiga ya sunkuya. In kuma ka naɗe hannun da ɗamarar bindiga don ta tsaya cak, to ba ka da hannun da za ka ja da shi.

Na uku na dama ne, kuma galibin waɗanda ke gasar harbi irin ta soja da farar hula ke yi a filin Bisley, a yankin Surrey, shi suke zaɓa. A wannan gasa ana harbi a kwance, a zaune, a durƙushe da a tsaye, wani lokaci bayan an yi gudu daga wani layi zuwa wani, nisan kuma yana kaiwa yadi 500. Hagu na riƙe da gaba ba ya motsi, dama ta bar kunama ta ja ta dawo. Maƙeran Ingila sun lura da haka, suka riƙa yin mariƙi mai tsawo da ya karkato baya ya sauko, yadda yatsu za su same shi ba tare da hannu ya yi nisa ba. Akwai masu mariƙi ta ɓangare biyu, kuma ga wanda bai riga ya san irin harbin da zai zauna a kai ba, ƙarin kuɗin bai ɓaci ba. A ganina wanda duk zai yi gasa ya ɗauki na dama, ya bar na hagu ga masu harbi a kwance.

Sai babban ƙorafi, wanda mai shago ba zai fara kawo maka shi ba: maƙalewar kwanso. In aka harba harsashi, kwanson tagulla yana kumbura ya manne da bangon mazauninsa. A bindiga mai sakatar murɗawa, irin su Lee-Enfield ko Remington 700, ɗaga mariƙin da kake yi yana ɗan ɓanɓaro kwanson kafin ka ja baya, ƙarfen ne ke yi maka aikin ƙarfi. Sakatar AR ba ta da wannan dabarar, domin an tsara ta ne iska ta fizge ta. Da aka cire iskar, sai aikin ya koma kan damtsenka. Da safe, bindiga da sanyi, harsashi goma na farko za su fita lafiya lau. Bari rana ta ɗaga, bututu ya ɗau zafi, harsashin ma ya sha rana a kan tabarma, sai ka ga mutum yana kokawa da mariƙi alhali abin harbin ya fito na daƙiƙa kaɗan ya koma. Ba lalacewa ba ce, halin ƙirar ne. Bambancin maƙeri da maƙeri a nan yake fitowa, wato yadda ya yanke mazaunin harsashi da yadda ya goge shi.

Masu ita sun daɗe da gano cewa harsashi ne rabin maganin. Mai ƙarfi sosai irin na soja ya fi maƙalewa. Mai kwanson ƙarfe da aka shafa wa fenti, duk da arhar sa, da yawa sun daina sa shi. Waɗanda ke cika harsashinsu da kansu a gida, abin da doka ta yarda wa mai lasisi, sukan matse kwanson ya koma girmansa na asali gaba ɗaya, kuma ba sa cika albarushi har iyaka. Bindiga biyu daga hannun maƙeri ɗaya ma kan bambanta, wannan ta so harsashin GGG na ƙasar Lituweniya da ake yawan gani a Bisley, waccan ta ƙi shi. Saboda haka kada ka sayi kwali dubu kafin ka gwada hamsin. Wani kuskuren sababbin shiga kuma shi ne raka sakata da hannu a hankali lokacin rufewa. Sakin ta ake yi ta buga da kanta, in ba haka ba ba za ta kulle ba, ka ja kunama ka ji ƙyas.

Wannan matsalar ce ta sa zaɓin girman harsashi bai da wahala. .223 Remington, wanda ya fi ƙaramin .22 ɗin can ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ne ya fi dacewa da wannan bindiga. Kwansonsa ƙarami ne, ba ya dukan kafaɗa, ana samunsa ko'ina. Akwai babbar yayarta mai cin .308, kuma tana burge ido, sai dai kwanso mai faɗi ya fi kama bango, nauyin bindigar ma ya ƙaru. Wanda ke son .308 don harbin nesa, sakatar murɗawa ta fi masa. A cikin .223 ɗin ma a duba abu biyu. Mazaunin da ake kira Wylde yana karɓar .223 da 5.56 na NATO duka. Sannan murɗin cikin bututu: mai zagaye ɗaya a inci 8 ko 7 yana riƙe dalma mai nauyi, giren 69 ko 77 (giren ma'aunin nauyin dalma ne), wadda ita ke jure iska a yadi 500. Mai zagaye ɗaya a inci 12 na dalma mara nauyi ne, giren 55 zuwa ƙasa, ya dace da mai korar yanyawa a gona. Tsawon inci 18 zuwa 20 ya ishi kusan kowa, gajere kuwa ƙara ce da asarar gudu.

Game da inda za a saya, hanya biyu ce. Akwai ƙananan maƙeran cikin gida irin su Southern Gun Company da ke Cornwall da Bradley Arms, waɗanda sunansu ya daɗe a bakin 'yan gasa. Amfaninsu shi ne za ka faɗi mariƙin da kake so da bututun da kake so, in kwanso ya dame ka kuma akwai wanda za ka mayar wa. Kuɗinsu ya fi yawa, wani lokaci da jira. Ɗaya hanyar ita ce ta masana'anta, kamar Schmeisser ta Jamus, ka gani a shago ka biya ka ɗauka in takardarka ta cika. Kowacce ka bi, sabuwa ta wuce fam dubu, wasu sun ninka haka, ba a sa madubin saiti a lissafi ba.

Me masu ita ke yabo? Daidaito, da farko. Tunda ba abin da ke rataye a bututu, mai kyau a cikinsu tana tara harsasai wuri guda kamar kowace bindigar gasa. Ba ta datti, don hayaƙi ba ya komawa cikin jiki. Gidan harsashi mai cin 20 ko 30 yana da araha, dokar Birtaniya kuma ba ta ƙayyade yawansa ga irin wannan bindiga ba. Ƙota, mariƙi, kunama, duk akwai su iri-iri saboda girman kasuwar AR a duniya, mutum ya gyara ta daidai tsawon hannunsa.

Duk da haka ba kowa ya kamata ya saye ta ba. Mai son jin daɗin AR kawai, ya tsaya a yadi 50 ya yi ta harbi, akwai Smith & Wesson M&P 15-22, mai ɗana kanta ce, amma doka ta yarda da ita tunda ƙaramin harsashin .22 take ci, harsashinta kuma ba ya cin aljihu. Mai farauta, Tikka T3x ko makamanciyarta ta fi sauƙin ɗauka, ta fi shiru wajen ɗanawa, ba kuma za ta tayar wa mai gona hankali ba in ya hange ka da ita. Ga barewa ma .223 tana da iyaka: a Ingila da Wales ƙananan nau'i biyu kawai aka yarda a harba da ita, muntjac da barewar ruwa ta Sin. Wanda kuma ja-kai-tsaye ɗin, wato jan sakata baya ba tare da murɗawa ba, shi ne ke burge shi, akwai waɗanda aka tsara don haka tun farko, daga tsohuwar K31 ta sojan Suwizalan zuwa Blaser R8 ta masu hannu da shuni, kuma santsinsu AR ba ta kama ƙafarsa.

Wanda ya rage shi ne ɗan gasa, mai buƙatar harsashi goma cikin ƙanƙanen lokaci daga tsayuwa iri-iri. Shi wannan bindiga ta fi masa kowacce. Kafin ya biya, ya je kulob ranar harbi ya roƙi masu ita su ba shi ya gwada mariƙin hagu da na dama, a tsaye da a kwance. In ta hannu zai saya, ya nemi mai ita ya zo da ita fili tare da harsashin da yake sa mata, a harba talatin a jere, sannan ya ja sakatar da kansa tun bututun na da zafi.