Shafin Etymonline da labarin kalmar "boycott"

Na fara amfani da shafin Etymonline ne sa'ad da wani ɗalibina ya tambaye ni dalilin da ya sa jaridun Turanci ke cewa "boycott" a inda mu muke cewa ƙaurace wa abu, alhali kalmar ba ta yi kama da sauran aikatau na Turanci ba. Shafin ƙamus ne na asalin kalmomi wanda Ba'amurke Douglas Harper ya kafa a 2001, kuma kyauta ake shigarsa ta waya ko ta kwamfuta.

Da na rubuta kalmar, sai amsa ta fito cikin 'yan layuka, ba tare da kewaye-kewaye ba. Ashe sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a gundumar Mayo ta ƙasar Ailan, wanda ya ƙi rage wa manoma kuɗin hayar gona a 1880. Shafin ya nuna cewa a shekarar ce kalmar ta shiga Turanci a matsayin suna da aikatau, har ma ta kai ga Japananci. Wannan bayyana shekara shi ne abin da ya fi burge ni, domin yana ba malami madafa idan ɗalibai suka matsa da tambaya.

Sauran labarin sai da na nemo shi a littattafan tarihi. Ma'aikatan Boycott sun daina yi masa aiki, masu kantuna suka ƙi sayar masa da kaya, har mai kai wasiƙa ya daina zuwa gidansa, kuma sai da aka kawo 'yan sa-kai kimanin 50 ƙarƙashin tsaron sojoji kafin aka girbe amfanin gonarsa. Wanda ya san yadda ake juya wa mutum baya a ƙauye, a ƙi zuwa sunansa da jana'izarsa, zai gane nauyin kalmar nan take.

Sai dai mai karatu ya sani cewa shafin da kansa ya faɗa cewa bayanin asali daban yake da bayanin ma'ana. Saboda haka ba zai koya maka cewa "boycott" tana ɗaukar karɓau kai tsaye ba, wato ana cewa "boycott the election" ba tare da an saka "from" a tsakani ba, kuskuren da ɗalibaina suka sha yi saboda suna tunanin nisantar abu. Irin wannan sai ƙamus na masu koyo. Haka kuma ainihin bayanansa da Turanci suke, tare da wasu gajerce-gajercen masana harshe, waɗanda za su yi wa ɗan sakandare nauyi. Ga malamai, masu fassara da 'yan jarida kuwa, ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba, kuma ni kaina yanzu nakan buɗe shi kafin in shiga aji da sabon aikatau.