Man goge baki ko samfefa: wanne ya fi gyara fitilar mota da ta dushe?

Alhaji, ka tambayi abin da zai gyara fitilar mota da ta dushe. Tsakanin man goge bakin da ka ambata da kayan gyaran fitila da ake haɗawa a kwali ɗaya, ka ɗauki na kwalin, amma ka buɗe shi a gaban mai shago ka tabbata akwai samfefa a ciki, akwai kuma ruwan kariyar da ake shafawa a ƙarshe.

Murfin fitilun motocin yanzu ba gilashi ba ne, roba ce mai tauri da ake kira folikabonet, wadda masana'anta ke lulluɓewa da siririn rufi mai tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani. Hasken ranar Jidda da yashin da iska ke watsa wa mota a hanyar Makka su ne ke cinye rufin a hankali, daga nan robar ta fara ƙonewa tana komawa ruwan ɗorawa. Saboda haka aikin kashi biyu ne: a kankare abin da ya mutu, sannan a mayar da kariyar da ta tafi.

Da irin wannan kwalin na gyara Camry ɗina, wadda a da in na fito Asuba sai na riƙa ƙura ido kafin in ga gefen titi. Na ajiye ta a inuwa, na wanke fitilun, na zagaye su da salatif domin kada samfefa ta taɓa fenti, sannan na fara da samfefa mai lamba 800 (ƙaramar lamba ta fi kaushi) ina fesa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan da ke gangarowa kan bamba ya fara fitowa rawaya, can ya koma fari kamar an dama alli, wanda shi ne alamar an kai ga lafiyayyar roba. A wannan gaɓa fitilar takan yi fari fat har ta fi da muni, kuma a nan mutane da yawa ke tsorata su daina. Ka ci gaba da 1500, sannan 2000 da 3000, kana sauya hannu: wannan a kwance, mai bi mata a tsaye, domin kowace ta share zanen wadda ta gabace ta. Bayan ta bushe sarai na shafa ruwan kariyar, na bar motar ta kwana ba wanki, nesa da ƙura. Damina biyu ba a yi a nan balle in ƙirga da su, amma zafi ya zo ya wuce, ya sake dawowa, har yau ana hango ƙwan fitilar tar daga waje.

Man goge baki kuwa yana ɗan rage dushewar da ba ta yi nisa ba, sai dai ba ya barin wata kariya, kuma a wannan rana tamu ba a daɗewa rawayar ke dawowa.

Ka yi hattara da masu tare mutane a bakin Sana'iyya, wato unguwar garejoji, da wuraren ajiye motoci, riƙe da kwalba marar suna, suna goge maka fitila ɗaya kyauta domin ka gani. Yawanci mai ne kawai yake cike ƙananan tsagogin robar, sai ta yi sheƙi nan take, wankin farko kuma ya tafi da shi tare da riyalolinka. Wasu ruwayen ma narkar da fuskar robar suke yi, ta zama mai danƙo tana kama ƙura. Duk wanda ya ce zai gyara ta cikin minti biyu ba tare da samfefa ba, ka wuce shi.

Kafin ka sayi komai, ka kunna fitilar da dare ka duba ta da kyau. Idan ka ga raɓa ko ɗigon ruwa daga ciki, ko tsagewa mai zurfi, to matsalar ta wuce goge waje, sai a gyara robar da ke toshe bakin fitilar ko a sauya ta gaba ɗaya, musamman idan lokacin Fahas ɗinka, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya matso, tunda ana duba hasken fitilu a can.