Gero ko dawa: wane iri za ka saya in don dabbobi za ka shuka?

In abincin dabbobi kake son nomawa, ba hatsi ba, za ka tarar da zaɓi biyu a gaban mai sayar da iri: gero da dawa. Ni gero nake saya, kuma ina da dalili.

Dawa tana da guba tun tana ƙarama. A ganyenta akwai wani sinadari da yake rikiɗewa ya zama gubar sayanayid idan dabba ta tauna ya shiga tumbi. Ya fi yawa a sabon tsiro, da gyauron da ya fito bayan yanka, da dawar da fari ya ƙona sannan ruwa ya sauka ta farfaɗo. A irin wannan gyauron na rasa karsana biyu. Da safe suka shiga gonar, kafin hantsi suna haki suna rawar jiki, likitan dabbobi ya iso ya tarar an gama. Tun daga ranar, tambayar da nake fara yi game da kowace ciyawa ita ce: in dabba ta tsinke igiya ta faɗa ciki, za ta fito?

A gonar gero za ta fito, don ba shi da wannan guba. Har doki yana cinsa lafiya, alhali ba a son doki ya yi kiwo a dawa saboda tana taɓa masa mafitsara. Gero yana yi a jigawa da ƙasar da ta gaji, yana jure fari, ga yawan ganye. Cikin kwana 45 zuwa 60 da shuka ka sami yankan farko. Ka bar kututture kamar santimita 15 zuwa 20, zai sake tohowa, in da ruwa ka yanka sau biyu ko uku. Ka yanke shi kafin ya fitar da kai, don da zarar ya tsufa kara yake zama, dabbobi su tsinci ganye su bar maka sauran. Aibinsa biyu: ba ya son inda ruwa ke kwanciya, kuma in ka cika masa takin yuriya sannan fari ya zo, yana tara sinadarin naitiret a gindin kara, wanda shi ma guba ne ga dabba in ya yi yawa, kuma shanya ciyawar a rana ba ta kawar da shi. A irin wannan shekara ka ɗaga lauje sama wajen yanka.

Dawa ta fi yawan kara a ƙasa mai laka, ta kuma dace da wanda zai sassara ya binne a rami ta tsimu, amma kada dabba ta taɓa ta sai ta wuce santimita 60. Dawar da aka haɗa irinta da na ciyawar Sudan, wata ciyawa dangin dawa, ita ma gubar ɗaya ce.

Sai dai duk wannan zaɓin banza ne in iri na bogi aka ba ka. Akwai masu ɗebo hatsin ci, su rina shi da jan launi ya yi kama da wanda aka yi wa magani, su ɗura a buhu mai tambari. Launi ba shaida ba ne. Wasu kuma ’ya’yan haɗaɗɗen iri suke sayarwa da sunan na asali, alhali shuka ta biyu ba ta fitowa kamar uwar: wani dogo, wani gajere, gona ta zama ba kan gado. Mafi muni shi ne iri mai ɗauke da ƙwayar wuta-wuta, wadda ƙanƙantarta kamar ƙura take, kuma in ta shiga gona sai ta yi shekaru fiye da 10 tana jira a ƙasa. Kada ka karɓi buhun da aka farke aka sake ɗinkewa. Ka duba sunan iri da ranar da aka gwada tsirarsa, ka tambaya ko na ciyawa ne ko na hatsi. In mai kaya ya fara inda-inda, ka wuce.

Ko ka yarda da shi, fara da sayen kaɗan. Ƙirga ƙwaya 100, ka nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsira. In ba su kai 80 ba, ni ba na komawa wurinsa.