Gargaɗi ga masu bindigar gado a gida

Jama'a, musamman mutanen ƙauyukan Kano da Jigawa, a yi hattara da wasu masu bin gidajen tsofaffin maharba da 'yan bindigar sarki da suka rasu. Sai sun bari an yi sadakar arba'in, magada sun fara zancen rabo, sannan su sallamo, wai su dillalan wani Bature ne mai sayen kayan tarihi.

Mutum biyu ne yawanci. Ɗaya zai juya bindigar, ya leƙa bakinta, ya kira kuɗi na miliyoyi. Wani lokaci har ya ce akwai "jan makuri" a ciki, wani sinadarin bogi da ake cewa yana da tsadar gaske, ƙaryar da aka daɗe ana yi da tsohon keken ɗinki. Idan ido ya rufe, sai a nemi kuɗin gwaji, kuɗin takarda, kuɗin mota. Ka biya, wayarsu ta mutu. Idan kuma sun ga gidan marayu ne ko gwauruwa, sai su juya salo: "Hajiya, in 'yan sanda suka ji, ɗauri ne, gara ki rabu da ita." Su ba ta abin da bai kai kuɗin akuya ba. Wannan ya fi ƙona min rai, domin da tsoro suke cin haƙƙin maraya.

Darajar bindiga a jikinta take rubuce. Mai baki biyu ƙirar Ingila, idan aka cire bututun, a ƙarƙashinsa za a ga tambarin gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, ko na Landan. Ta Beljiyam tana ɗauke da haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Akwai sunan maƙera, irin su W.W. Greener ko BSA, da lamba. Daga nan sai lafiyarta: tsatsa a cikin bututu, tsagewar ƙota, ko an taɓa yi mata walda. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Galibin na gidajenmu, balle adaka ƙirar maƙeran gida, ba su kai kusa da abin da 'yan damfara ke faɗa ba. Kada a goge ta da sanfefa don ta yi ƙyalli, rage mata daraja ake yi. Kada kuma a yarda wani ya gwada ta da harsashin zamani, tsohon bututun da aka ƙera don albarushi yana iya fashewa a hannu.

Ga kuma hukuma. Dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi, kuma na marigayi ba ya zama na ɗansa don kawai ya gaje shi. Duk wanda ya ce ka miƙa masa bindiga ya kai birni a duba, ba ka san hannun da za ta faɗa ba a wannan zamani na 'yan bindigar daji. Ranar da aka kama ta, gidanku za a nemo.

Idan sun zo, kada a fito da ita. A sanar da mai unguwa ko dagaci, a kira Sarkin Baka ya gan ta a gaban dukkan magada, a ɗauki hoton lamba da tambarin, sannan a je ofishin 'yan sanda tare da dagaci a ji yadda za a yi da lasisi. Wanda ya riga ya tura musu kuɗi ya ajiye lambar asusun da ta wayar, ya kai ƙara da su.